Yadda Ake Sayen Tsohuwar Mota a Mayar da Takardunta Sunan Wanda Ya Saya

Da zarar kaka ta yi, riɗi da zoɓo da shinkafa suka shiga kasuwa, kuɗi ya ɗan zauna a hannun manoma, sai cinikin tsofaffin motoci ya tashi a garuruwanmu na Kano da Jigawa. Wani yana neman Golf da zai riƙa jigilar 'yan kasuwa zuwa Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, wani Sharon yake so ya sa ta a hanyar birni, wani kuwa a-kori-kura ce za ta raba shi da wahalar kwaso amfanin gona. Yawancin waɗannan motoci sun haura shekara 20 da ƙerawa, kuma kafin su iso ƙauye sun bi ta hannun mutum uku ko huɗu. Mai saye zai ɗauko bakanike ya saurari kukan inji, ya shiga ƙarƙashi ya duba yoyon mai, ya zaga da ita ya gwada giya da birki, amma idan aka zo kan takardu sai ya karɓi ledar da aka miƙo masa ya tura a aljihun mota, ko buɗewa bai yi ba. Inji idan ya buga akwai wani a kasuwar Ƙofar Ruwa, amma takardar da ta zo da matsala ba a kasuwa ake samun madadinta ba.

A idon mutanen gari mota ta wanda ya biya kuɗi ce, tunda shaidu sun gani. A idon hukuma kuwa mai mota shi ne wanda sunansa yake cikin rajista, ko da ya sayar da ita shekara 10 da suka wuce, ko da ya riga mu gidan gaskiya. Aikin da ke gaban mai saye shi ne ya sa waɗannan biyu su zama mutum ɗaya, kuma mafi yawan aikin ana yin sa ne kafin kuɗi ya gama barin aljihu, lokacin da mai sayarwa yake da dalilin amsa waya idan an kira shi.

Abin da za a fara da shi shi ne a zazzage ledar a kan tabarma, a san kowace takarda da hukumar da ta ba da ita. Uwa a cikinsu ita ce takardar shaidar mallaka, wadda take ɗauke da sunan mai motar da lambar shasi (wato lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfen motar) da lambar inji da lambar da ke maƙale a gaba da baya. Tare da ita akwai takardar da aka ba da lambar da ita tun ranar rajista, sai lasin mota da ake sabuntawa duk shekara. Waɗannan uku daga ofishin lasin suke fitowa, wanda yake ƙarƙashin hukumar tattara kuɗaɗen shiga ta jiha, wato KIRS a Kano, da takwararta ta Jigawa mai hedkwata a Dutse. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce take riƙe da babban kundin lambobin motoci na ƙasa baki ɗaya, ita kuma take buga lambobin da jihohinmu suke sayarwa. Takardar lafiyar mota ta jami'an duba motoci da ake kira VIO ce, inshora ta kamfani ce, rajistar motoci da ake kira CMR ta 'yan sanda ce, takardun fito kuma na Kwastam ne. Idan lasin ko inshora ko takardar lafiya sun ƙare, wannan ba abin tayar da hankali ba ne, sai dai a lissafa kuɗin sabuntawa a rage a cikin farashi. Rashin shaidar mallaka ta asali ko takardun Kwastam kuwa dalili ne na a dakatar da ciniki har sai an ji bayani.

Daga nan sai a haɗa takarda da ƙarfe, kuma a nan ne ya kamata a zauna a natsu, a yi shi da rana tsaka, ba da almuru ba. Motocin da aka ƙera wa kasuwannin Amurka da Turai tun farkon shekarun 1980 lambar shasinsu haruffa da alƙaluma 17 ce, kuma ba a sa harafin I ko O ko Q a cikinta, saboda kada su rikice da 1 da 0. Duk takardar da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan haruffa a lambar shasinta, ko dai mai buga ta ya yi kuskure, ko kuma ƙirƙirar ta aka yi. Farkon lambar yana faɗin inda aka ƙera motar: J na Japan ne, W na Jamus, 1 da 4 da 5 na Amurka, 2 na Kanada, VF3 kuma Peugeot ce ta Faransa. A motocin da aka ƙera wa Amurka, da ma Volkswagen, gurbi na 10 yana nuna shekarar samfurin, inda W take nufin 1998, X take nufin 1999, Y take nufin 2000, alƙaluma 1 zuwa 9 suke nufin 2001 zuwa 2009, sannan A ta dawo a 2010. Da wannan kaɗai mutum zai iya kama dillalin da ya ƙara wa mota ƙuruciyar shekara uku. Motocin da aka yi wa kasuwar cikin gida ta Japan, irin wasu Canter da ƙananan Hijet da muke kira kurkura, tasu lambar ba ta kai 17 ba, kuma wannan ba aibi ba ne.

Lambar tana nan a wuri fiye da ɗaya. A motoci da yawa ana ganin ta ta cikin gilashin gaba a ɓangaren direba, ana samun ta a jikin ginshiƙin ƙofa, amma wadda ta fi muhimmanci ita ce wadda aka buga a jikin ƙarfen motar kansa, a bangon da ya raba ɗakin inji da cikin mota, ko a daɓen mota kusa da kujerar gaba, ko a jikin firam idan babbar mota ce. A goge wurin da tsumma da ɗan kananzir, a haska tocila, mutum ɗaya ya riƙa karantawa daga ƙarfe wani yana bi a takarda, harafi bayan harafi. Ana kuma iya ɗora farar takarda a goga fensir a kai domin a sami hoton lambar a ajiye. Abin da ake nema shi ne alamar walda a kewayen wurin, ko alamar an goge ƙarfen da inji, ko sabon fenti a daidai nan kawai alhali sauran wurin ya tsufa, ko alƙalamin da ya fi 'yan'uwansa zurfi ko ya karkace. Mai gyaran bodi ya fi bakaniken inji ido a kan wannan, don haka in da hali shi za a ɗauko. Idan lambar gilashi ta saɓa wa ta ƙarfe, a miƙe a yi sallama komai arhar motar, domin ɓarayin mota sukan sayi takardun motar da ta yi haɗari ta mutu su ɗora wa wadda suka sato.

Lambar inji kuwa sau da yawa ba za ta dace da takarda ba, saboda da wuya a sami Golf ko Sharon ta haya da ta kai wannan shekaru da injinta na asali. Wannan ba laifi ba ne muddin akwai rasit ɗin shagon da aka sayi injin, mai ɗauke da lambar injin, kuma za a shigar da canjin a rajista. Haka ma launi: idan takarda ta ce fara, mota kuma ga ta shuɗiya, dole ne a sanar da ofishin lasin a gyara. Waɗannan biyu su ne suka fi jawo wa mutanen kirki tsaiko a shingen bincike, alhali gyaransu ba shi da wahala in an haɗa shi da canjin suna a tafiya ɗaya.

Kafin a tashi daga wurin, a nemi inda sabis yake da ƙarfi a shiga shafin FRSC na tantance lamba, nvis.frsc.gov.ng, a rubuta lambar motar. Idan lambar ta gaskiya ce zai nuna irin motar da aka yi wa rajista da ita. Lambar da ke jikin Golf amma shafi ya nuna Corolla, ko ya ce bai san ta ba, ta riga ta ba da amsa. Inshora ma ana tantance ta a shafin askniid.org da lambar motar.

Batun Kwastam ya fi shafar mu fiye da mutanen wasu wurare, saboda iyakar Nijar tana kusa, kuma shekaru da dama motocin Kwatano ta nan suke biyowa. Kuɗin fito bashi ne da yake bin motar duk inda ta shiga, ba wanda ya shigo da ita ba. Mutum yana iya zama na biyar da ya saye ta, lambarta kuma ta gaskiya, amma jami'an Kwastam su tsayar da shi a hanya su riƙe motar idan ba a biya fito ba, ko an biya na wata ƙaramar mota aka manna mata takardar. Tun daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, saboda haka takardar da take cewa an yi wa mota fito a kan iyakar tudu bayan wannan rana tana buƙatar bincike na musamman. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a ɗauki kwafin takardun a je ofishin Kwastam na shiyyar Kano da Jigawa da ke birnin Kano a nemi a tantance su, a tabbatar lambar shasin da aka biya wa fito ita ce ta wannan motar. Kuɗin mota zuwa birni da yini guda ba su kai darajar motar da za a rasa ba. Peugeot ɗin da aka harhaɗa a Kaduna, inda masana'antar ta fara aiki a 1975, irin 504 da 505 da wasu 406, ba su da takardar fito tunda ba shigo da su aka yi ba. Abin da za a nema a madadinta shi ne takardar sayen farko daga kamfani ko dilansa.

Idan mota da takarda sun dace, saura tambayar da ta fi nauyin yi a ƙauye: shin wanda yake sayarwa yana da ikon sayarwa? Mafi sauƙi shi ne sunan da ke takarda ya zama nasa, ya nuna katin shaidarsa, a ga suna da fuska sun dace. Amma abin da aka fi gani shi ne takarda tana ɗauke da sunan wani mutumin Legas ko Abuja da babu wanda ya taɓa gani a garin. A irin wannan hali dole ne a ga igiyar ciniki ba ta tsinke ba, wato takardar da mai suna ya sayar wa na biyu, da wadda na biyu ya sayar wa na uku, har zuwa kan wanda yake zaune a gabanka, kowacce da sa hannu da lambar shasi da lambar waya. A kira lambobin, aƙalla ta wanda ya sayar wa mai sayarwa, a ji daga bakinsa. Wani ɗan'uwana ya taɓa sayen Golf a hannun maƙwabcinsa, mutumin da suke sallah a sahu ɗaya, kuma maƙwabcin bai cuce shi ba don shi ma saya ya yi. Bayan kusan shekara biyu aka biyo sawun motar, ashe mutum na biyu a igiyar direba ne da aka ba shi ita ya yi haya, ya sayar ya gudu. Mota ta koma wa mai ita, ɗan'uwana ya yi ta zarya ofishin 'yan sanda yana wanke kansa daga zargin karɓar kayan sata, kuɗinsa kuma har yau guntu-guntu yake karɓa.

Motar gado tana da nata hukunci. Ɗa ɗaya, ko da shi ne babba, ba shi da ikon sayar da motar mahaifinsa kafin a raba gado, sai da yardar sauran magada a rubuce, balle idan akwai marayu ƙanana a ciki. Mai saye ya nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a wadda ta nuna motar ta faɗa rabon mai sayarwa, ko ta ba shi izinin sayarwa a madadin kowa, ya haɗa da takardar shaidar rasuwa. Motar da aka karɓa biya sannu-sannu kuwa alamarta a bayyane take: mai sayarwa ba shi da komai sai kwafi, domin na asali suna hannun wanda bai gama karɓar kuɗinsa ba. Idan ya ce na asali suna wurin wani Alhaji a birni, to wurin Alhajin za a je a yi ciniki. Akwai kuma kundin jinginar kadarori na ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, wanda dokar 2017 ta tabbatar, inda ake iya bincika ko an jinginar da mota wurin karɓar bashin banki. Motar gwanjon gwamnati ko na Kwastam kuma tana tafiya ne da takardar da aka ba wanda ya ci gwanjon da rasit ɗin biyan kuɗi.

Da yawa daga cikinmu kunya ce take hana mu waɗannan tambayoyi, musamman idan mai sayarwa dattijo ne ko suruki. Akwai yadda ake faɗa ba tare da an ɓata wa kowa ba. Mutum zai iya cewa, "Baba Alhaji, ba don rashin yarda ba, hukuma ce yanzu ba ta sauya suna sai ta ga mai takarda, kuma ina so sunanku ya fita daga kanta kada wani abu ya faru a hanya a zo ana damun ku." Wannan magana gaskiya ce, kuma ban taɓa ganin mai gaskiyar da ya ji haushinta ba.

Idan an yi tayi an sallama, sai a rubuta yarjejeniya, ko da tsakanin wa da ƙane ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki, don haka babu wanda zai ce baƙon abu aka kawo. Takardar ta ƙunshi cikakken sunan mai sayarwa da mai saye kamar yadda suke a katin ɗan ƙasa, da adireshi da lambar waya, da irin motar da launinta da shekararta, da lambar shasi da ta inji da ta rajista, da farashi a alƙaluma da kuma a kalmomi, da abin da aka biya da abin da ya saura. A rubuta cewa mai sayarwa ya tabbatar motar tasa ce, babu bashi ko jingina ko shari'a a kanta, kuma idan ta bayyana ba haka ba zai mayar da kuɗi gaba ɗaya. A sa ranar da aka miƙa makulli har da ƙarfe nawa, domin daga wannan lokaci ne alhakin abin da motar ta yi yake komawa kan mai saye. Shaidu biyu daga kowane ɓangare su sa hannu, kuma kada dillali ya zama shi kaɗai ne shaida, tunda la'adarsa tana rataye da ƙullewar cinikin. Idan aka yi a gaban mai unguwa ko dagaci ya fi ƙarfi a gari, ko da yake hatiminsa ba ya maye gurbin takardar kotu. Da yake ofisoshi da Turanci suke aiki, a rubuta ta da Turanci a kuma yi ta Hausa, kuma idan ɗaya daga cikin masu cinikin ba ya karatun boko, wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa, ya bayyana cewa an karanta masa an fassara ya fahimta kafin ya dangwala. Kowa ya riƙe tasa ta asali, a manna hotunan fasfo, a haɗa da kwafin katin shaida.

Kuɗi kuwa a tura su ta banki zuwa asusun da yake ɗauke da sunan mai sayarwa, ba na dillali ba, ba na mai POS ba, domin wannan shaida ce da ba ta mantuwa kuma ba ta mutuwa. La'ada a biya ta daban. Shawarar da na fi ba kowa ita ce a riƙe wani kaso na kuɗin, a rubuta shi a yarjejeniya, har ranar da mai sayarwa ya raka mai saye kotu da ofishin lasin. Wanda ya karɓi kuɗinsa cif ba lallai mugu ba ne, amma yau yana gona, gobe ya tafi cirani, jibi waya a kashe.

A ofis, abin da ake fara yi shi ne takardar rantsuwa ta canjin mallaka a rajistar kotu, a gaban kwamishinan rantsuwa, sannan a kai rahoto wurin 'yan sanda domin a duba ko an taɓa shigar da motar cikin jerin na sata, a kuma sauya sunan da ke rajistar CMR. Daga nan sai ofishin lasin da motar kanta da dukkan takardunta na asali, da yarjejeniya, da takardar rantsuwa, da hotuna, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wadda yanzu ba a rajistar mota sai da ita. Ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa sun ba da kwana 30 daga ranar ciniki a sanar da hukuma canjin mai mota. Za a cika fom, jami'an VIO su duba motar ido da ido su karanta lambobinta, a ba da takardar biyan kuɗi. A biya a banki ko ta hanyar da hukuma ta ayyana, a karɓi rasit na gwamnati, kada a danƙa wa kowa tsabar kuɗi a gindin bishiya. A ƙofar irin waɗannan ofisoshi ba a rasa masu cewa sun san hanya, a ba su kuɗi a koma gida a huta. Wasunsu suna yin aikin, wasunsu kuma takarda mai kyan gani za su kawo wadda babu ita a kwamfuta, mutum ba zai sani ba sai ranar da aka tsayar da shi.

Hanya biyu ce a gaban mai saye. Ko dai a sauya suna a bar wa motar lambarta, ko kuma a yi mata sabuwar rajista da sabuwar lamba. A tsarin da aka shigo da shi a 2011, wanda haruffa uku na ƙaramar hukuma suke farko, kamar KMC ko BCH ko WDL a Kano, da DUT ko HJA ko KZR a Jigawa, matsayin FRSC shi ne lamba tana haɗe da mai ita, saboda haka idan ya sayar da mota sabon mai ita ya nemi tasa. Sabuwar rajista ta fi tsada, amma a ganina ita ta fi dacewa da motar da take ɗauke da lambar wata jiha mai nisa, ko tsohuwar lamba ta kafin 2011, ko wadda ta bi hannu da yawa, domin tana yanke duk wata alaƙa da tarihin da mai saye bai sani ba, kuma fayil ɗin motar yana dawowa kusa da gida inda sabuntawa ba za ta zama tafiya ba. Ko da an karɓi sabuwar lamba, tsofaffin takardu ba a yar da su, su ne asalin motar.

A nan ne kuma za a faɗi gaskiyar abin da za a yi da motar. Lamba mai shuɗin rubutu ta motar gida ce, mai jan rubutu ta haya, mai kore ta gwamnati. Wanda zai riƙa lodi a tasha ya karɓi ja tun farko, ya nemi izinin haya, ya yi rajista da ƙungiyar direbobi ta tashar da zai yi aiki, ya kuma san cewa motar haya duk wata 6 ake sabunta mata takardar lafiya, ta gida kuwa duk shekara. Mai shiga birnin Kano da fasinja a mota mai shuɗiyar lamba yana jawo wa kansa magana da jami'an KAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, da na VIO. Motar da take da baƙin gilashi kuma izinin da 'yan sanda suka ba tsohon mai ita ba ya wadatar da sabo, ko ya nemi nasa ko ya sa a ɓare ledar.

Inshorar tsohon mai mota ma ba a gadon ta, sabuwa za a yi da sunan mai saye. Mafi ƙarancin abin da doka ta wajabta ita ce inshorar da take biyan wanda aka yi wa ɓarna, ba gyaran motar mai ita ba. Tun daga 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga Naira 5,000, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya zuwa Naira miliyan 3. Motocin haya da na kaya nasu farashin daban ne. 'Yan sanda sun fara tsananta bincike a kanta daga 1 ga Fabrairu 2025. Duk wanda ya kawo takardar inshora a ƙasa da farashin hukuma, takarda kawai ya kawo. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful masu lasisi da suke yin irinta bisa tsarin Musulunci, kuma hukuma tana karɓar tasu.

Ranar karɓar takardu kada a yi gaggawar fita. A tsaya a gaban tebur a karanta suna, domin Muhammad da Mohammed da Muhammadu a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta kuwa mutum uku ne, kuma wanda yake amfani da sunan garinsu a ƙarshen suna ya tabbatar an rubuta shi daidai da yadda yake a NIN. A sake bin lambar shasi harafi bayan harafi, a duba launi da lambar inji. Kuskuren da aka nuna nan take gyaran minti kaɗan ne, wanda aka gano bayan wata shida kuwa sai an sake rantsuwa a kotu. Bayan 'yan kwanaki a koma shafin FRSC da na inshora a ga ko sabon bayani ya hau.

Mai sayarwa shi ma yana da abin da zai kare. Muddin sunansa yana rajista, idan motar ta kaɗe mutum direba ya gudu, ko aka kama ta da kayan laifi, ƙofar gidansa za a fara ƙwanƙwasawa. Ya riƙe tasa yarjejeniyar da kwafin katin mai saye da hotonsa, kuma ya matsa a je a sauya suna. Idan takardunsa sun ɓace ko gara ta ci ko gobara ta lashe, shi ne zai je ya yi rahoton 'yan sanda da rantsuwar kotu, ofishin lasin ya fitar masa da wasu daga kundinsa, kuma kafin ciniki za a yi wannan, ba bayansa ba, tunda mai saye ba shi da hurumin rantsuwa a kan ɓatan takardar da ba sunansa a kai.

Wajen ajiya, lasin da inshora da takardar lafiya su ne za su zauna a mota, tare da kwafin sauran. Shaidar mallaka ta asali da takardun Kwastam da yarjejeniyoyin ciniki a sa su a leda mai kauri a cikin akwatin ƙarfe a gida, nesa da danshin damina, domin ɓarawon da ya sace mota ya tarar da su a aljihunta ya sami abin da zai sayar da ita cikin sauƙi. A ɗauki hoton kowace takarda da waya a tura wa wani amintacce, a kuma rubuta lambar shasi da ranakun da lasin da inshora za su ƙare a littafin da ake rubuta lissafin gona.